Me ya sa ƙamshi ke mayar da mutum gida: daga ruwan farko zuwa kaskon turare

A Damagaram ba a jiran wani ƙamshi kamar na ruwan farko. Ƙasa ta kwashe wata takwas tana shan rana, duwatsun Birni sun yi zafin da tafin hannu ba ya iya dafa su, sai hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, a ji ɗigo a kan kwano. Kafin tsakar gida ta jiƙe ƙamshin ya riga ya shiga ɗaki. Nan take dattijon da ke zaune a zaure zai ga gonar mahaifinsa a hanyar Miriya, ya ga sungumi da ƙwaryar iri, har ya ji muryar da ke ce masa ya taka ramin da kyau. Shi bai yi niyyar tunawa ba, abin ne ya zo masa da kansa. Hoto ba ya yin haka da wannan saurin, labari ma ba ya yi, kuma akwai dalili.

Mu fara da ƙasar kanta. A cikinta akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, dangin Streptomyces, masu fitar da wani sinadari da ake kira jiyosmin. Hancin ɗan Adam yana da saurin kama shi fiye da kima, yana jin sa ko da bai wuce kashi biyar cikin tiriliyan ba. Ban da shi akwai man da tsirrai ke fitarwa lokacin rani, wanda yumɓu da duwatsu ke tsotsewa su riƙe. Masana biyu a Ostireliya, Isabel Bear da Richard Thomas, su suka bayyana wannan a 1964. A 2015 kuma masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka ɗauki hoton ɗigon ruwa da kyamara mai tsananin sauri, suka ga cewa idan ɗigo ya faɗa kan busasshiyar ƙasa yakan danne ƴan kumfan iska, su taso su fashe, su watsa ƙamshin sama. Yayyafi da matsakaicin ruwa sun fi yin haka, ruwa kamar da bakin ƙwarya kuwa yakan danne shi. Shi ya sa ruwan Agusta, da ƙasa ta riga ta ƙoshi, ba ya tayar da hankali kamar na farko, kuma shi ya sa yarinyar da ta yayyafa ruwa a tsakar gida kafin shara take tayar da ɗan guntun damina a tsakiyar bazara.

Hanyar da ƙamshi ke bi

Can saman kogon hanci, tsakanin idanu, akwai wani ɗan fili mai laima da bai wuce santimita kaɗan ba, cike da miliyoyin jijiyoyi. A bakin kowace jijiya akwai makarɓar ƙamshi, kuma mutum yana da irin waɗannan makarɓai kusan 400. Linda Buck da Richard Axel ne suka gano asalinsu a 1991, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2004. Ba wai kowane ƙamshi yana da makarɓa tasa shi kaɗai ba. Ƙamshi ɗaya yana taɓa makarɓai da dama, wasu da ƙarfi wasu a hankali, ƙwaƙwalwa kuma haɗin gaba ɗaya take karantawa. Tamkar miyar kuka ce: kayan haɗin ɗaya ne a kowane gida, amma yaro yana gane hannun uwarsa a lomar farko. A riƙe wannan, domin shi ne zai bayyana abin da ya sa turaren da ya yi kama da na kakarka, amma ba shi ba ne, yake barin ka ba ka ji komai ba.

Abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji sukan fara yada zango a wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna talamus, a tace su, sannan a tura su gaba. Saƙon hanci ba ya fara bi ta nan. Daga jijiyoyin hanci yakan ratsa wani siririn ƙashi mai ƙananan huji, ya shiga kullin ƙamshi da ke ƙasan goshi, daga nan kai tsaye zuwa amigdala, inda tsoro da shauƙi da ƙyama suke tasowa, da kuma ƙofar hifokamfus, inda ake ɗaure abin da ya faru da wuri da lokaci. Saboda gajartar wannan hanya, zuciya takan motsa kafin baki ya samo sunan abin. Kowa ya taɓa ganin wanda ya tsaya cak a Kasuwar Dole yana cewa "wallahi na san ƙamshin nan", ya kasa faɗin na mene ne, alhali idonsa ya riga ya kawo ruwa.

Yawancin abin da ƙamshi ke tonowa na ƙuruciya ne. A wani bincike da aka yi a Suwidin a 2006, Johan Willander da Maria Larsson sun ba tsofaffi kalmomi da hotuna da ƙamshi, suka ce su faɗi abin da kowanne ya tuna musu. Kalmomi da hotuna sun fi kai su shekarun samartaka, ƙamshi kuwa ya fi kai su ƙasa da shekara 10. Dalili ɗaya shi ne haɗuwar farko ita ke kama wuri. Ranar da yaro ya fara shaƙar tawadar allo da hayaƙin karan da ake karatun dare da shi, ko alli da sabon littafi a lakwal, ƙwaƙwalwa ta ɗaure ƙamshin da wannan wuri, abin da ya biyo baya sai dai ya raɓa. Sai dai a yi hattara: ƙarfin abin da mutum ya ji ba hujja ba ce cewa kowane daki-daki na tunanin daidai ne. Ƙamshi yana dawo da yanayin zuciya sosai, amma shekara da suna da wanda ya ce me, waɗannan suna iya cakuɗewa kamar kowane tunani.

Son ƙamshi kuwa yawancinsa koyo ne, tun daga ciki. A Amurka a 2001 an ba wasu mata masu ciki ruwan karas su riƙa sha a watannin ƙarshe, daga baya jariransu suka fi sauran karɓar kunun da aka sa wa karas ba tare da yamutsa fuska ba. To ina ga ɗan da uwarsa ta sha miyar daddawar batso wata tara? Baƙo yakan toshe hanci idan aka buɗe ta, ɗan gida kuwa yawunsa ne ke tsinkewa. Haka unguwar majema: warin fatar da aka jiƙa da ruwan bagaruwa yakan kori mai wucewa, amma ɗan majemin da ya yi shekaru a Kano ko Agadas, idan ya buɗe sabuwar jakar fata ta Damagaram, gidan ubansa yake shaƙa. Kada a yi wa kowa dariya a kan ƙamshin da yake so. Alƙur'ani ma ya kawo mana, a Suratu Yusuf aya ta 94, yadda Annabi Yaƙub ya ce yana jin ƙamshin ɗansa tun ayari yana barin Masar, mutanen gidansa suna ganin ruɗewar tsufa ce.

Turaren wuta, inda aikin yake

Damina ba a hannunmu take ba. Ƙamshin da ke hannunmu, wanda ƴaƴa za su ɗauka su tafi da shi duniya, shi ne na ɗakin uwa, kuma a garin nan wannan yana nufin turaren wuta. Ba abin mamaki ba ne. Damagaram ta daɗe da dangantaka da Barno, inda mata suka shahara da wannan sana'a, Zango kuma nan ne masaukin ayarin da ke ratsa Sahara da kayan Turabulus. Ga haɗi mai sauƙi da za a iya ginawa a kai, da kofin shan ruwa ɗaya a matsayin ma'auni daga farko har ƙarshe.

A samu itace kofi 4, sandal ko hawi ko a haɗa su, a faskara ƙanana kamar gaɓar yatsa. A wanke ƙura, a shanya a inuwa har kwana biyu. Wannan shanyar ba a yi mata gaggawa: itacen da ya rage da laima a ciki zai yi fumfuna a kwalba, kuma babu turaren da ke rufe warin fumfuna. A ƙara gajiji kofi 1, a ɗan farfasa shi a turmi, ba a mayar da shi gari ba, don garin yakan cinye nan da nan a kan wuta.

Sai farce, wanda a nan ne masu koyo suka fi faɗuwa. Farcen turare murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku, kuma yakan zo da ragowar nama a manne a bayansa. A jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana, a kankare naman da wuƙa tas, a sake wankewa da lemun tsami, a shanya, sannan a soya shi ba mai a kan wuta kaɗan har ya ɗan kumbura ya yi saurin karyewa, a daka. Cokali 2 ya isa wannan haɗi. Shi kaɗai ba shi da daɗin ƙamshi. Aikinsa ya riƙe sauran su daɗe a jikin tufa. Idan aka yi ha'inci wajen kankarewa, ƙarni zai fito daidai lokacin da baƙi suka zauna.

A tukunyar da ba a taɓa dafa miya a ciki ba, a zuba sukari kofi 1, ruwa rabin kofi, a matse rabin lemun tsami. Lemun yana hana sukarin komawa tsakuwa idan ya huce. A dafa a wuta marar ƙarfi kamar minti 8 zuwa 10, a ɗebo ɗigo a bar shi ya sha iska, a taɓa tsakanin yatsu biyu: idan ya ja zare siriri, ya yi. Kada a jira ya yi ja. Sukari yana fara ƙonewa idan zafi ya kai wajen digiri 160, kuma da zarar ya wuce launin zuma ya shiga baƙi, ƙaurin ya zauna ke nan. A juye itace da gajiji da farce, a yi ta juyawa da muciya har kowane tsinke ya yi sheƙi, babu ruwan da ya kwanta a gindin tukunya. Sukarin nan ba don zaƙi ba ne. Shi ke manne ƙamshi a jikin itace, shi ke rage saurin cin wuta. Amma idan ya yi yawa, hayaƙi zai yi baƙi, ɗaki ya riƙa ƙamshin ƙonanniyar alewa.

A sauke, a bar shi ya koma ɗumin da hannu zai iya jurewa, sannan a zuba madarar turare, kamar mililita 50 zuwa 100 gwargwadon ƙarfinta. Masu zuba ta tukunya na kan wuta suna asara biyu. Sashen ƙamshin da ya fi sauƙi shi ke fara tashi da zafi, sai a ƙamsasa madafa a bar kwalba fayau. Idan kuma turaren na fesawa ne mai sinadarin da ke kama wuta, harshen wuta zai iya tashi har fuska. A zuba a kwalbar gilashi mai murfi mai kamawa, ba roba ba, domin man turare yana cin roba ya ɗauki warinta. A ajiye a wuri mai duhu da sanyi, a riƙa girgizawa bayan kwana biyu ko uku, a ba shi mako 2 zuwa 4. Turaren da aka ƙona ranar da aka haɗa shi, kowane abu a cikinsa nasa yake yi daban. Sai ya kwanta suke zama baki ɗaya. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, kwalbar da aka bari a bakin taga ko a ɗakin kwano marar rufi takan juya cikin ƴan makonni, man ya yi tsami. Ƙasan gado ko bayan randa sun fi.

Ƙonawa ma tana da ƙa'ida. Ba a ɗora turare a kan garwashi mai harshe. A bari ya ruru ya yi ja, farin toka ya lulluɓe shi, ko a barbaɗa masa toka kaɗan, sannan a ɗora tsinke biyu ko uku. Ana so zafi ya fitar da man a hankali, ba wuta ta cinye icen ba. Farin hayaƙi siriri shi ne alamar daidai. Idan ya yi kauri ya fara yaji a ido, a kwashe ragowar kafin ta zama gawayi, domin ƙarshen nan shi ke ɓata na farko. Wajen turara kaya a kan kabbasa, tufar da ta rage da ɗan danshi ta fi kama hayaƙi, auduga kamar atamfa da shadda ta fi riƙewa, yadin roba kuwa ba ya riƙewa kuma yana narkewa idan ya kusanci kasko. Minti 10 zuwa 15 sun isa, kuma ba a barin kasko ƙarƙashin kaya a tafi maƙwabta.

Akwai maganar da ba ta da daɗi amma dole a yi ta. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, kuma da sanyin hunturu ne mutane suka fi rufe ƙofa da taga su kwanta da kasko. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne alamun farko. A turara ɗaki babu kowa a ciki, a fitar da kasko, a buɗe taga, sannan a shigo da jariri ko mai asma. Ɗakin mai jego ya fi kowane ɗaki shan turare, alhali huhun da ke cikinsa shi ne mafi rauni a gidan.

Wani abin da ke ruɗar masu gida shi ne hanci yana gajiya. Cikin ƴan mintoci jijiyoyin sukan rage kai saƙon ƙamshin da bai canza ba, don su saurari sabo. Sai uwargida ta ga kamar turarenta ba ya ƙamshi, ta ƙara, ta ƙara, baƙuwa ta shigo tana tari. Gwajin mai sauƙi ne: a fita waje minti goma a dawo. Wannan halin na hanci shi ne kuma ke cinye tunanin da ke manne da ƙamshi. Wanda ya samu irin humrar marigayiya mahaifiyarsa, ya mayar da ita abin shafawa kullum, cikin ɗan lokaci za ta zama ƙamshin hanyar aikinsa da na cikin motarsa, tsohon tunanin ya dusashe. A ware ta, a buɗe jefi-jefi. Zanen da ake son ya riƙe ƙamshin mai shi kuwa, kada a wanke, kada a haɗa shi da wasu kaya. A naɗe a sa a abin da iska ba ta shiga, nesa da rana, kuma kada a jefa masa ƙwayar kafur ta maganin asu, don za ta mamaye komai. Duk da haka zai ragu a hankali. Abin da ba ya raguwa shi ne haɗin da aka rubuta. Idan akwai tsohuwa a gida mai haɗa nata, a zauna da ita tun tana da ƙarfi: "Inna, hawi nawa kike sawa, gajiji nawa, wace madara ce ta ƙarshe?" A auna abin da ta ɗebo da hannu a kofi, a rubuta, domin "ɗan kaɗan" nata ba na kowa ba ne.

A ganinmu wannan ita ce asarar da ake yi ba a lura ba. Da, mai ido a rufe zai iya gane ɗakin da ya shiga a gida mai mata huɗu. Yanzu kwalba iri ɗaya ce daga shago ɗaya a ɗakin amarya da ofis da cikin mota. Ba laifi ba ne a saya, kuma cikin na sayarwa akwai masu kyau ƙwarai, amma ƙamshin da ke ko'ina ba ya iya nuna wa yaro gida guda. Ko cokali ɗaya na abin da maƙwabta ba sa sawa, jema ko kanumfari ko ƙaron hano, ya isa ya mayar da na kasuwa ya zama na gidanku.

Hanyar nan ta hanci zuwa tunani ba daɗi kaɗai take ɗaukowa ba. Kafur da ake sawa a wankan ƙarshe na mamaci yana sa wasu su kasa zama inda aka buɗe shi har bayan shekaru, haka warin maganin wanke asibiti ga wadda ta yi jinyar ɗa. Idan mutum ya tashi ya fita ba bayani saboda wani ƙamshi, a bar shi, a kuma ɗauke abin.

Idan hancin ya daina ji

Mutane da yawa ba su san darajar hanci ba sai a 2020, da cutar korona ta sa abinci ya koma kamar dusa a baki. Harshe abu biyar kawai yake rarrabewa: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci da daɗin nama. Sauran abin da muke kira ɗanɗano, na citta da kanumfari a fura, na na'ana'a a shayin fada, na ƙuli a jikin kilishi, ƙamshi ne da ke hawa hanci ta bayan maƙogwaro lokacin tauna. A toshe hanci a kurɓi fura a gani. Mura, kumburin kogon hanci da ƙurar hunturu ke tayarwa, tsiro a cikin hanci, duk suna toshe hanya, kuma yawanci jin ƙamshi yana dawowa idan an warke. Buguwar kai, kamar faɗuwa daga kabu-kabu ba hular kwano, tana iya tsinke jijiyoyin daidai inda suke ratsa siririn ƙashin nan. Ga tsofaffi jin ƙamshi yana raguwa da shekaru, wani lokaci kuma shi ne alamar farko ta cutar karkarwa ta Parkinson tun kafin hannu ya fara rawa. Tsohon da ya daina jin ƙamshi yakan rage cin abinci, ba ya jin ƙaurin tukunya ko yoyon gas ko miyar da ta lalace, don haka a riƙa duba masa.

Abin farin ciki shi ne jijiyoyin hanci suna cikin ƴan kaɗan da jiki ke sabuntawa, kuma ana iya taimaka musu. A 2009 Thomas Hummel da abokan aikinsa a Dresden ta Jamus suka gwada sa marasa lafiya su riƙa shaƙar ƙamshi huɗu safe da yamma har mako 12: furen wardi, lemun tsami, kanumfari da man bishiyar turare, wato yukaliftus. Wasunsu sun samu sauƙi fiye da waɗanda ba su yi ba. Ba kowa yake warkewa ba, amma ba ya cin kuɗi kuma ba ya cutarwa. A gida za a iya yi da kanumfari da aka farfasa, ɓawon lemun tsami, citta da ganyen na'ana'a, kowanne a ƴar kwalbarsa mai murfi. A shaƙa a hankali kamar daƙiƙa 20, ba da ƙarfi ba, a huta kaɗan, a ɗauki na gaba, mutum yana kawo abin a ransa yayin da yake shaƙa. A sabunta ɓawon lemu da ganye duk bayan kwana biyu ko uku, kanumfari da citta duk mako biyu. Idan ƙamshi ya fara dawowa a karkace, albasa tana warin ƙonanniyar roba, wannan yakan faru lokacin da jijiyoyi ke sake haɗuwa, ba dalilin dainawa ba ne. Amma idan rashin jin ya biyo bayan buguwar kai, ko hanci ɗaya ne kawai a toshe, ko ana ganin jini, ko ya wuce wata guda bayan mura ta tafi, a je a ga likitan hanci da kunne da maƙogwaro kafin a ɗura wani abu a hanci.